Yankan farcen ɓeran Masar da amanar da ke hannun mai ƙarfi

Bahaushe ma'abocin kiwo ne tun kaka da kakanni. Da wuya ka shiga gida a ƙauye ko a tsohon gari ba ka tarar da akuya a turke, ko kaji a akurki, ko tattabaru a saman soro ba. Yaro yana tashi da sanin yadda ake kama kaza a haɗa fikafikanta, da yadda ake kayar da rago ba tare da an karya shi ba, domin tun yana goye yake ganin ana yi. Ɓera ne kaɗai ba ya cikin wannan lissafi. Abin da ke tsakaninmu da shi bai wuce tarko da guba da kyanwa ba, saboda haka babu wani ilimin riƙonsa da muka gada daga magabata.

Sai ga shi zamani ya kawo mu inda dangin ɓera suke shiga gidajenmu da izininmu, har da kuɗinmu. A wajen masu sayar da zomaye da tsuntsaye yanzu akan ga ɓeran Masar a keji, wani lokaci har da ɗan mitsitsin nan da ake kira hamsta, yara suna rataye a wuyan iyayensu sai an saya musu. A jami'o'inmu kuma, ɗaliban likitanci da haɗa magunguna da kimiyyar halittu suna ɗaukar fararen ɓeraye a hannu kowace shekara domin binciken kammala karatu. Ni malami ne a ɗaya daga cikin irin waɗannan sassa, na kwashe shekaru ina duba ayyukan ɗalibai a ɗakin dabbobin gwaji, a gida kuma 'yata tana kiwon ɓerayen Masar guda biyu. Daga waɗannan wurare biyu na fahimci cewa aikin da ya fi fallasa iyawar mai kiwon irin waɗannan dabbobi shi ne wanda aka fi rainawa, wato yanke musu farce.

Bari mu fara da sanin dabbar. Duk da sunansa, ɓeran Masar ba shi da alaƙa da ƙasar Masar. Asalinsa tsaunukan Andis ne na Kudancin Amurka, yankin Peru da Bolibiya da Ekwado, inda aka shafe dubban shekaru ana kiwonsa a cikin gida ana cin namansa har gobe. Bahaushe dai ya saba jingina baƙon abu ga Masar, kamar yadda ya yi wa gwandar Masar, wadda ita ma daga nahiyar Amurka ta fito. Turawan Ingila ma ba su fi mu dacewa ba, domin su sun jingina shi ga ƙasar Gini, suka kuma kira shi alade. Babba daga cikinsu yakan yi nauyin giram 700 zuwa 1,200, yakan kuma rayu shekara 5 zuwa 7 idan ya samu kulawa. Yana da yatsu huɗu a kowace ƙafar gaba, uku a kowace ƙafar baya, jimillar farata 14 ke nan. Jikinsa kamar ɗan tulu yake, ciki mai nauyi a kan gajerun ƙafafu, ga ƙashin baya marar ƙwari. Ba a halicce shi don hawa ko dira ba, shi ya sa faɗuwar da kyanwa za ta yi ta miƙe ta kaɗe jiki, shi tana iya zama ajalinsa.

Farcensa kuwa ba ya daina tsiro. Dabbar da ke yawo a kan ƙasa mai tsakuwa, tafiyar yau da gobe takan cinye mata farce. Wadda aka tsare a keji a kan garin katako ko tsumma ba ta da abin da zai goge mata shi. Sai farcen ya yi tsawo, ya lanƙwasa, ya karkatar da yatsa, tafiya ta gurguje. Idan aka ƙyale shi yakan nannaɗe ya huda tafin ƙafa, ƙwayoyin cuta su samu ƙofa, ƙafar ta kumbura ta zama gyambo mai wuyar warkewa. Kejin da aka yi wa daɓe da ragar waya yana ƙara tsananta wannan, domin wayar tana cin tafin ƙafa, farce mai tsawo kuma yana iya maƙalewa a cikinta ya fizge. Don haka wanda ya tsare ɓeran Masar ya ɗaukar wa kansa aikin da ƙasa take yi masa, aƙalla sau ɗaya a wata.

Abin da ya sa na ga dacewar yin wannan rubutu ya faru ne a unguwarmu. Wata ranar Asabar da hantsi wani yaron maƙwabtanmu, ɗan kimanin shekara tara, ya yi sallama a ƙofar gidana rungume da kwali. Yaran unguwa sun san aikina ya shafi dabbobi, don haka duk wanda zomonsa ya ƙi cin abinci ni yake nema. Da na buɗe kwalin sai na ga ɓeran Masar mai ruwan ƙasa da fari yana jan ƙafafunsa na baya, ba sa motsi. Na tambayi abin da ya faru. Ashe yayansa ne ya lura faratan sun nannaɗe, ya ji tausayi, ya ɗauko reza. Ya damƙi dabbar a wuya da hannu ɗaya yana tsaye a tsakar gida, ya sa reza da ɗaya hannun. A yanka na biyu ya taɓo nama, ɓeran ya yi ƙara ya fizge, ya faɗo a kan siminti.

Yaron ya ɗago ido ya ce, "Baba, zai warke ko?"

Na ce masa, "Mu kai shi wurin likitan dabbobi mu ji, ɗana. Kai dai riƙe kwalin da kyau, kada ya girgiza."

Likita ya duba ya tabbatar da abin da nake tsoro, ƙashin baya ya samu matsala. Bayan 'yan kwanaki dabbar ta mutu. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, babu mugu a cikin wannan labari. Yayan ya yi niyyar alheri, ya ga matsala ta gaskiya, ya tashi gyara ta. Ƙaramin sani ne ya zame masa ƙuƙumi. Na ji daga baya cewa ya fi ƙanensa shiga damuwa, har ya yi kwanaki ba ya son a tayar da zancen.

Harshenmu yana da kalmomin da suka bambance abin da ya faru da abin da ya kamata a yi. Akwai damƙa, akwai riƙo, akwai kuma tallabe. Ɓarawo ake damƙa, igiya ake riƙewa, jariri kuwa tallabe shi ake yi. Wani dattijo da ya daɗe yana kula da ɗakin dabbobinmu, wanda bai yi zurfi a karatun boko ba amma ya fi yawancinmu sanin halin dabba, yakan tsaya a bayan sabbin ɗalibai yana kallon hannuwansu. Da ya ga ɗalibi ya kai hannu daga sama kamar mai cafkar fara, sai ya ce, "A'a, ɗan nan, ai shirwa ce take zuwa ta sama. Kai ta ƙasa za ka zo masa." Wata rana ya ce da ni, "Dokta, duk dabbar da ta ji ƙafafunta suna lilo a iska, ta ɗauka an tafi da ita ke nan." Na karanta littattafai da dama a kan wannan fanni, ban ga wanda ya taƙaita shi fiye da haka ba.

Ga yadda ake yi. Kafin komai, mutum ya zauna a ƙasa, a kan tabarma ko darduma, domin idan dabbar ta kuɓuce kada ta samu nisan faɗuwa. A rufe ƙofa, a fitar da kyanwa, a rage hayaniya. A bar ɓeran ya ga hannu yana zuwa daga gaba ko daga gefe, ya shinshina. Sai a zura hannu ɗaya a ƙarƙashin ƙirjinsa, dab da bayan ƙafafun gaba, ɗaya hannun kuma ya tallabi ƙugunsa da ƙafafun baya, a ɗago shi gaba ɗaya a manna shi a jiki. Ba a ɗaga shi da fatar ƙeya, ba a matse masa ciki, ba a kuma kwantar da shi rigingine. Mace mai ciki ta fi bukatar wannan tallabi, domin cikinta yakan kai kwana 59 zuwa 72, 'ya'yan kuma manya ne, ana haihuwarsu da gashi, idanunsu a buɗe. Idan dabbar mai yawan zillo ce, a naɗe ta da ɗan tawul, a bar kai a waje, a riƙa fito da ƙafa ɗaya bayan ɗaya. Naɗin ya zama mai sassauci yadda ƙirji zai samu wurin numfashi.

Sauran danginsa kowanne da nasa sharaɗin. Hamsta, wanda yawancin na kiwo suka samo asali daga wasu 'yan ƙalilan da aka kamo kusa da birnin Halab na Siriya a 1930, dabbar dare ce, idan aka tashe shi daga barci da rana aka cafke shi, cizo zai biyo baya. Akan ɗebo shi da tafuka biyu kamar mai kamfatar ruwa, kuma sau da yawa tono da guje-guje sun ishe shi gyaran farce, sai fa idan ya tsufa. Akwai ɗan ɓeran Mongoliya mai doguwar wutsiya da ake kira jabil, wanda idan aka ɗaga shi da wutsiya fatarta tana iya saɓulewa ta bar ƙashi a fili. Ko fararen ɓerayen gwaji da aka daɗe ana ɗagawa da wutsiya, bincike ya nuna akwai hanyar da ta fi. A 2010 Farfesa Jane Hurst da Rebecca West na Jami'ar Libaful a Ingila sun wallafa sakamakon da ya nuna cewa ƙananan ɓerayen da ake ɗagawa da wutsiya sun fi firgici da gudun mai kula da su, waɗanda kuma ake ɗauka a cikin ɗan bututu ko a buɗaɗɗen tafi sukan matso kusa da hannu da kansu.

A nan ne nake so mai karatu ya tsaya ya yi nazari. Sau da yawa idan aka damƙi ɓeran Masar da ƙarfi, sai ya yi lamo, ya daina motsi. Mai riƙon sai ya ce ai ya saba, ya kwantar da hankali. Alhali wannan dabba abincin wasu ce a daji, kuma ɗaya daga cikin dabarunta na tsira shi ne ta sandare idan ta ga babu mafita. Wanda ya sa yatsa a ƙirjinta a wannan lokaci zai ji abin da ke gudana. Ko tana cikin natsuwa zuciyarta tana bugawa fiye da sau 200 a minti guda, ina ga ta firgita. Idanu sukan firfito, numfashi ya yi sauri, jiki ya ƙame. Daga wannan sandarewa ne takan yi fizga guda ɗaya ta bazata, a daidai lokacin da mai riƙo ya saki jiki. Alamar natsuwa ta gaskiya daban take: jiki ya yi laushi, hanci yana motsi, idan aka miƙa mata ganye ta karɓa ta ci. Dabbar da ta ƙi abincin da take so a hannunka tana gaya maka wani abu, ko da ba ta yi ƙara ba.

Yankan kansa aikin mutum biyu ne, ɗaya ya tallabe, ɗaya ya yanka. A ajiye reza da wuƙa gefe guda. Ƙaramin abin yanke farce irin na jarirai ya isa, ko ɗan almakashin da ake yi wa kyanwa amfani da shi, muddin yana da kaifi, domin dakusasshe murƙushe farce yake yi ya tsaga shi. A cikin kowane farce akwai abin da zan kira ran farce, wato tsokar da ke ɗauke da jijiyar jini da jijiyar jin zafi. A farin farce ana hango shi ja-ja daga tushe zuwa wajen tsakiya. A baƙin farce ba a ganinsa sai an haska tocilar waya daga ƙasa, wani lokaci ma ko an haska ba ya bayyana. Ƙa'idar ita ce a tsaya nesa da shi, a cire tsinin kawai. Idan farce ya riga ya yi tsawo sosai, ran nasa ma ya bi shi ya yi tsawo, saboda haka ba a gyara sakacin wata shida a zama ɗaya. Sai a riƙa rage kaɗan duk mako ɗaya ko biyu, a hankali ran farcen zai ja baya. Sannu ba ta hana zuwa. Wanda kuma ya riga ya shige cikin nama, wannan aikin likitan dabbobi ne.

Ko gwani yakan taɓo jini wata rana. Idan haka ta faru kada a ruɗe, kada kuma a saki dabbar. A danna wurin da auduga mai tsafta, a ɗan barbaɗa garin sitaci ko na masara mai laushi, jinin yakan tsaya cikin mintuna kaɗan. Idan ya ƙi tsayawa, ko yatsan ya kumbura daga baya, a nemi likita. A nan dole in ja kunne a kan wata ɗabi'armu, ta zuwa kemis a sayo kafso a ɗura wa dabba. Magungunan dangin fenisilin, irin su ampisilin da amoksisilin, suna kashe ƙwayoyin halitta masu amfani da ke hanjin ɓeran Masar da hamsta, su jawo musu gudawar da takan kai ga mutuwa. Maganin da ya warkar da ɗanka yana iya kashe dabbarsa.

Yanayinmu ma yana da nasa hukunci. Wannan dabba ta tsaunuka masu sanyi ce, ta fi jin daɗi tsakanin digiri 18 zuwa 24, zafin da ya haura 30 kuwa yana galabaitar da ita. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafi yake kaiwa digiri 40 a garuruwanmu, naɗe ta da tawul da tsakar rana haɗari ne. A yi aikin da sassafe, a gama cikin mintuna kaɗan. Idan ta gaji bayan ƙafa biyu, a bar sauran sai gobe, babu wanda ya ɗora wa mutum wa'adi. A ƙarshe a ba ta ɗan abin da take so, kamar yankin kokwamba ko koren tattasai marar yaji. Tattasan ma yana da ƙarin amfani, domin ɓeran Masar, kamar ɗan Adam, jikinsa ba ya haɗa bitamin C, sai ya samu a abinci.

Na san akwai tambayar da ke ran mai karatu, ta zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa da ke Jihar Borno ta yau. Mai ɗauke da cutar shi ne ɓeran nan mai yawan nonuwa da ke yawo tsakanin gida da daji, jinsinsa daban da na ɓeran Masar. Darasin da ke ciki shi ne kada a bar yaro ya kamo ɓeran gida ko na gona ya ce zai yi kiwo, kuma a rufe abincin dabbar keji da kyau don kada ya janyo ɓerayen waje. Dabbar kiwon ma tana iya ɗaukar makero ko ƙwayoyin da ke sa gudawa, don haka wanke hannu da sabulu kafin aiki da bayansa wajibi ne. Kamar yadda muka koyi cewa bai dace mai yankan farce na kan titi ya yi wa mutum goma aiki da almakashi ɗaya ba tare da tsaftace shi ba, haka nan abin yanke farcen dabba nata ne ita kaɗai.

Wani zai ce, ana fama da tsadar masara da kuɗin makaranta, malamin jami'a ya rasa abin rubutu sai farcen ɓera. Ban raina wannan magana ba. Babu wanda aka wajabta wa kiwon ɓeran Masar, wanda ba shi da hali ya bar shi a kasuwa ya fi masa. Amma daga ranar da mutum ya sa rai a keji ya rufe, ya raba shi da duk wata hanyar taimakon kansa, ci da sha da lafiyarsa sun koma wuyan mai makulli. Wannan amana ce, kuma ƙanƙantar abin da aka ba ka ajiya ba ta sauke maka nauyinta.

Ban da haka, muna da bashin wannan dabba a kanmu. Da ita Robert Koch na Jamus ya yi gwaje-gwajen da suka kai shi ga bayyana ƙwayar cutar tarin fuka a 1882. A jikinta ne Axel Holst da Theodor Frølich na ƙasar Nowe suka ga cutar nan mai sa zubar jinin dasashi a 1907, abin da ya share hanyar gano bitamin C. Tun 1959 William Russell da Rex Burch suka shimfiɗa ƙa'idoji uku na aiki da dabbobin gwaji: a maye gurbinsu da wata hanya idan da hali, a rage yawansu, a kuma kyautata yadda ake mu'amala da su. Iya riƙo yana cikin ta uku, kuma shi ne wanda ba ya bukatar kasafin kuɗi. Ga mai bincike ma riba ce, domin dabbar da ke cikin firgici jininta da bugun zuciyarta sukan sauya, sakamakon gwajin ya gurɓata.

Abin da ya fi damuna a matsayina na malami shi ne hannuwan da ke wucewa ta gabana. Ɗalibin da nake kallo yau yana ɗaga farin ɓera, gobe shi ne zai nemi jijiya a hannun jariri, ko ya juya tsohuwar da ta kasa magana a gadon asibiti. Su ma ba za su iya cewa ka matse ni ba, su ma shirunsu yana iya ruɗar mai gaggawa. Na lura ɗalibin da ya koyi saurara wa dabba, ya jira ta natsu kafin ya taɓa ta, yakan tafi da wannan hali duk inda ya je. A gida ma haka nake gani. 'Yata ce take tallabe nata ni ina yankewa, kuma ita ce takan dakatar da ni ta ce, "Abba, bari ya huta, zuciyarsa tana sauri." Yarinyar da ta iya jin wannan a tafin hannunta ta koyi abin da ba na iya rubuta mata a allo.

Ina kira ga masu sayar da waɗannan dabbobi da su riƙa nuna wa mai saye yadda ake ɗaukarsu kafin su karɓi kuɗi, abin ba zai ci minti biyu ba. Iyaye kuma kada su bar wa yara yankan farce su kaɗai, su zauna tare da su a kan tabarma a yi a gabansu, idan kuma ba su da tabbas, su kai wa likitan dabbobi ya yi na farko suna kallo. Abokan aikina a jami'o'i su ware wa ɗalibai zama na musamman a kan riƙon dabba kafin a miƙa musu allura, su kuma ba dattawan da ke kula da ɗakunan dabbobi damar koyar da abin da suka sani. Allah Ya ba mu ikon sauke amanar duk abin da Ya sanya a ƙarƙashin hannunmu.